Wa Ke Ɗaukar Nauyin Haƙuri?

A shekarar 1980 Jami'ar Duke ta Amurka ta ɗauki Mike Krzyzewski ya horar da 'yan ƙwallon kwandonta. Cikin shekaru ukun farko ya ci wasa 38, aka cinye shi 47. A 1983 ma Jami'ar Virginia ta yi masa kaca-kaca, 109 da 66. Magoya baya suka ce a sallame shi, amma shugaban wasanni, Tom Butters, ya ƙi, har ya ƙara masa wa'adi. Daga bisani mutumin ya ɗauko kofin ƙasa sau biyar.

Mukan ji wannan labari mu ce ai mai haƙuri shi ke dafa dutse. To amma mu tsaya tukuna. Da dutsen bai dahu ba, da taurin kai za mu kira abin da Butters ya yi. Ashe ke nan romon muke yabo, ba haƙurin ba.

Sannan wa ya sha hayaƙin? A wancan lokacin, kakar wasa huɗu kacal ɗalibi yake da ita. Yaran da suka shigo tare da kocin sun bar fili tun 1984, kofin farko kuwa sai 1991.