Tausayin da Ke Cutar da Majinyaci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Idan likita ya sanya wa mutumin Gwiwa ranar aikin hanji, ko a babban asibitin Kazaure ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, 'yan'uwa kan raka shi da tabarma da kwanon abinci. Wannan zumunci abin yabo ne. To amma in likita ya ce majinyaci ya tashi ya taka washegarin aiki, dangi kuma suka hana saboda tausayi, shin sun sauke amana ko sun ci ta?

A da, likitoci da kansu sukan bar wanda aka yi wa aiki a kwance kwanaki, ba ci ba sha sai ƙarin ruwa. A shekarun 1990 wani likitan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya nuna cewa tashi da wuri, da fara cin abinci mai sauƙi, da kashe zafin ciwo da magani, suna gaggauta komawar hanji bakin aikinsa. Doguwar kwanciya kuwa takan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, majina ta taru a huhu.

Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa cuta abar gusarwa ce, kuma Alƙur'ani ya umarci wanda bai sani ba da ya tambayi masana. Saboda haka kyakkyawar niyya ba ta wanke wanda ya saɓa wa masani da gangan. Tiyata kuma ba baƙuwa ba ce ga Musulmi: Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi ɗinkin cikin jiki da zaren hanjin dabba.

Amanar mai jinya ita ce ya riƙe hannun ɗan'uwansa ya taka, kada ya ba shi jiƙo a ɓoye, kada kuma ya bar shi ya ɗauki azumin da Suratul Baƙara ta ba shi rangwamen jinkirtawa. Bayan an koma gida, in zazzaɓi ko amai ko kumburin ciki ya taso, a garzaya asibiti, domin mai yiwuwa ɗinkin ne ya saki.

Tawakkali na gaskiya yana tare da riƙo da sababi. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.