Filin Jama'a, Hakkin Wa?

A watan Yunin 2023 motocin rusau suka dira Filin Sukuwa na Kano, inda aka saba tseren dawaki, suka baje shagunan da aka gina a gefensa. Ba a jima ba suka wuce Filin Idi na Ƙofar Mata. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce filayen na al'umma ne, gwamnatin Ganduje da ta gabace ta ce ta yanka ta sayar.

'Yan kasuwar Filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Gyadi-Gyadi, a Tarauni, riƙe da takardunsu. A watan Satumba kotu ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30.

A fiƙihun Malikiyya hubusi, wato abin da aka keɓe don amfanin jama'a, ba a sayar da shi, ba a gadonsa. Dokar filaye ta 1978 ma amana ta damƙa wa gwamna, ba gonar gado ba. To amma wanda ya sayar da gidansa ya kama shago, da hatimin hukuma a takardarsa fa? Cin dukiyarsa haramun ne, kamar cin filin. Diyyar kuwa daga baitulmali za ta fito, wato aljihun talakan da aka ce filinsa ake ƙwatowa.