Ƙaddara Ko Sakaci?

Idan haɗari ya auku, mutane sukan ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Wannan magana gaskiya ce, kuma tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma akwai tambaya: shin wanda ya ga ɓarna tana tafe, ya kuwa yi shiru, yana da ikon fakewa da ƙaddara?

Ran 11 ga watan Yuli, 1991, wani jirgin sama ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Jirgin na wani kamfanin Kanada ne, an yi hayarsa domin jigilar alhazan Nijeriya. Tun kafin ya tashi, makanikai sun san iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa. Aka nemi abin ƙara iska, ba a samu nan da nan ba. Mai lura da aikin kuwa bai yarda a yi jinkiri ba, don kada jirgin ya makara. Yana cikin gudu zai tashi, sai tayoyi biyu suka fashe, wuta ta kama. Da aka naɗe ƙafafun jirgin, wutar ta shige cikinsa. Matuƙa suka juyo da shi, amma ya faɗi kafin ya kai filin sauka. Mutum 261 ke ciki, ba wanda ya tsira.

To, alhazan nan kwanansu ne ya ƙare, Allah ya jiƙansu. Amma wannan bai wanke wanda ya sani ba. Mutum ba ya sanin abin da aka rubuta sai bayan ya auku. Abin da ya sani shi ne abin da ke gabansa, watau taya marar iska, kuma a kan wannan za a tambaye shi. Manomin da ya ƙi noma gonarsa, ciyawa ta cinye dawa, ba ya ce ƙaddara ta hana shi girbi.

Wani zai ce, ai ƙaramin ma'aikaci ba shi da bakin musu da babba. Saboda haka ne ƙasashen duniya suka ga bai kamata a bar rayuka su rataya ga ƙarfin halin mutum ɗaya ba. Hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wadda ke birnin Montreal, ta tattara ƙa'idodin tsaron lafiya wuri ɗaya a 2013. Ga yadda tsarin yake: duk wanda ya ga aibi, babba ko yaro, ya kai rahoto, a rubuta, a auna girman haɗarin, a gyara, sa'an nan a koma a duba ko gyaran ya yi. Wanda ya faɗi kuskuren da ba da gangan ya yi ba, ba a horonsa, gama in aka hore shi, gobe kowa zai ɓoye nasa. Shugaban kamfani kuwa shi ke ɗauke da alhakin duka.

Dogara ga Allah da kiyaye aiki ba kishiyoyi ba ne. Direban mota, da mai fito, da malamin asibiti, kowa yana da tasa tayar da zai duba. Ya duba ta, ya faɗi gaskiya ko da za a makara, sa'an nan ya bar sauran ga Allah.