Fenti a Kan Tsatsa

Ya ɗan'uwa cikin Almasihu, in ka kai tsohuwar Land Rover wurin mai fenti, farashi biyu zai yanka maka. Na arahar shi ne a wanke ta, a fesa sabon launi, jibi ka zo ka ɗauka. Mai tsadar yakan ci makonni, domin sai an kankare tsohon fenti, an goge da samfefa, an yanke inda ya ruɓe an yi walda, kafin a kai ga launi. Yawancin kuɗin a wannan wahala yake tafiya.

Tun da aka fito da motar nan a Ingila a 1948, bodinta na alminiyam ne, ba ya jan tsatsa, amma ƙashin da ke ɗauke da ita ƙarfe ne. Tana iya ƙyalli a ƙofar coci alhali tsatsa ta cinye ƙarƙashinta.

To, wanne za ka biya? In ka zaɓi na arahar don ka sayar wa wanda bai sani ba, ka yi masa ƙarya ko da ba ka buɗe baki ba. Ranar da ƙashin ya karye a hanyar ƙauye da damina, alhakin fasinjoji yana wuyanka.

Haka rayuwarka take a gaban Allah. A Matiyu sura 23, Yesu ya kwatanta Farisiyawa da kaburburan da aka shafe da farar ƙasa. Tuba ta gaskiya tsada gare ta: ka furta laifinka, ka mayar da abin da ka ci, ka nemi gafarar wanda ka cuta. Almasihu ya riga ya biya bashinka a kan gicciye. Abin da ya rage maka shi ne ka yarda a kankare.