Abin Lura: Wanda Bai Raina Tukunyarsa Ba

Keffi gari ne na mahaɗa. Wanda ya taso daga Abuja zai nufi Akwanga ko Lafiya ko Jos ta nan yake bi, haka mai gangarowa daga Kudancin Kaduna ta hanyar Kwoi, haka mai zuwa Nasarawa da Toto. Tun da aka buɗe jami'ar jiha a farkon shekarun 2000, ga kuma babban asibitin tarayya, garin ya cika da ɗalibai da ma'aikata da masu jinya da direbobi, mutanen da ba su da mai ɗora musu tukunya a gida. Duk garin da irin waɗannan suka yi yawa, cin abinci a waje yakan zama al'ada.

Wanda ke son zama a gidan abincin 'yan China ko na Indiyawa, inda za a kawo masa tsinkayen cin abinci da ƙananan kwanoni, galibi Abuja yake nufa, tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai. Amma duk mai lura da ya zaga Unguwar Lambu da gefen jami'a bayan sallar magariba zai ga cewa abincin Asiya ya daɗe da sauka a Keffi, har ya zama ɗan gari. Mai shayi yana kaɗa ƙwai zai zuba a kan Indomie. Mai shawarma yana yankar nama daga ƙarfen da ke juyawa a gaban wuta. A gidajen abinci ana zuba soyayyiyar shinkafa mai karas da koren wake. A wurin biki ana raba samosa. A bakin hanya yarinya tana tsame awara daga mai tana barbaɗa mata yaji. Duk waɗannan tushensu yana nahiyar Asiya, har da ganyen shayin kansa, wanda daga China ya bazu duniya.

Abin lura na farko shi ne, kusan babu ɗaya a cikinsu da ya fito daga fadar sarki. Soyayyiyar shinkafar da muke ɗauka abincin ranar ƙwalisa, a gidajen China ɗumame ce. Shinkafar jiya ce da ta kwana ta bushe, uwar gida ba ta son zubarwa, sai ta soya ta da ƙwai da albasa da ɗan abin da ya rage na nama. Har yau masu dafa ta da kyau sun fi son shinkafar da ta kwana, don ba ta caɓewa a kasko. Taliyar leda kuwa yunwa ce ta haife ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani ɗan kasuwa a Japan mai suna Momofuku Ando ya ga yadda mutane ke jeruwa cikin sanyi a birnin Osaka suna jiran kwanon taliya. Abin ya tsaya masa a rai, ya shiga wata 'yar rumfa a bayan gidansa yana gwaji, har a 1958 ya gano cewa idan aka turara taliya aka soya ta a mai, za ta bushe ta daɗe ba ta lalace ba, kuma ruwan zafi kaɗai zai dawo da ita. Samosa abincin bakin titi ce a Indiya da Pakistan. Shawarma ta samo asali daga gashin naman Turkawa na zamanin Daular Usmaniyya, ta zama abincin 'yan kasuwa da masu wucewa a Siriya da Labanan. Awara kuma, fiye da shekara dubu ke nan talakan China yana yin ta daga waken suya don ta maye masa gurbin naman da ba shi da kuɗinsa.

To, me ya ɗauko abincin talaka daga wancan ƙarshen duniya ya kawo shi har Keffi? Masu shi ne ba su raina shi ba. Sun zauna sun yi nazarinsa, sun auna gishirinsa da lokacin dahuwarsa, sun sama masa mazubi mai tsabta, sun sa masa suna, sannan suka ɗauke shi suka fita da shi ba tare da jin kunya ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai tukunya shi ya fi kowa sanin abin da ke cikinta. Idan shi ya rufe ta yana jin nauyin a gani, babu baƙon da zai zo ya buɗe masa.

A dubi wannan girmamawa a matakin hukuma ma. A 2002 gwamnatin Tailan ta ƙaddamar da shiri na musamman don a yawaita gidajen abincin ƙasar a ƙetare, tana horar da masu dafuwa, tana taimaka wa masu buɗewa da rance. Ta gane cewa wanda ya ɗanɗani miyarka zai nemi shinkafarka da kayan ƙanshinka, wata rana ma ya zo ƙasarka yawon buɗe ido. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya al'adar Koriya ta haɗa kimci cikin jerin kayan gadon ɗan Adam. Kimcin nan kabeji ne da ake jiƙawa da gishiri da barkono da tafarnuwa a ajiye ya yi tsami, dabarar matan karkara ta tanadin ganye saboda lokacin hunturu. Yana da wari mai ƙarfi, amma 'yan Koriya ba su ɓoye shi ba, suka kai shi gaban duniya.

Abin lura na biyu shi ne, wannan abinci bai zo mana da girman kai ba. Baƙo ne da ya fara tambayar halin masu gida kafin ya shimfiɗa tabarma. Indomie ta fito a Indonesiya a 1972, ta fara shigowa Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka gina masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka ƙara wasu a Fatakwal da Kaduna. Masu ita sun lura da harshenmu yana son yaji da albasa, suka gyara ɗanɗanon. Sun lura da aljihunmu, suka yi ƙaramin ƙunshi da babba. Sun fito daga ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, don haka maganar halal ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Yau Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen cin taliyar leda, kuma yara da yawa sun tashi suna ɗauka tamu ce tun asali. Shawarmar da Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suka kawo ma ta sake kama: ta sami kabeji da yaji mai zafi da miya mai zaƙi-zaƙi, har ɗan Beirut zai ci ya ce wani abinci ne daban. Awara kuwa matanmu ne suka ƙarasa aikin. Suka daskarar da ita da ruwan tsami na kamu ko na tsamiya, suka soya ta a man gyaɗa, wasu suka tsoma ta a ƙwai, ta zama sana'ar da ke biya wa yara kuɗin makaranta a gidaje masu yawa.

A nan akwai tunatarwa ga mai shiga gidan abincin baƙi a Abuja ko wani birni. Girkin China na asali yana amfani da naman alade, kuma ana zuba giyar shinkafa a wasu miyoyin. Tambaya ba rashin wayewa ba ce, haƙƙin mai saye ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Akwai miliyoyin Musulmi a China masu nasu girkin na halal, kamar taliyar naman sa ta birnin Lanzhou, kuma 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sun san gidajen abincinsu. Mai abincin da ya san sana'arsa ba zai ji haushin tambayar ba.

Abin lura na uku shi ne wanda ya fi taɓa zuciya. Idan aka buɗe ɗakin girkin waɗannan gidajen abinci, za a tarar da 'ya'yan gonakinmu sun je yawon duniya sun dawo cikin kwalba. Jihar Nasarawa tana cikin manyan masu noman riɗi a Najeriya, tare da Binuwai da Jigawa. Ana tara shi a buhuna daga kasuwannin ƙauye, ya bi hanyar Legas ya hau jirgin ruwa, kuma Japan da China suna cikin manyan masu sayensa. A can ake gasa shi a matse mai ƙanshi, wanda 'yan ɗigo kaɗan suke isa kwano, kuma 'yar ƙaramar kwalbarsa a kantin Abuja ta fi mudun riɗin tsada nesa ba kusa ba. Cittar Kachia da Kwoi da Kagarko, maƙwabtanmu na arewa, ta yi suna a kasuwar duniya saboda zafinta, kuma mafi yawanta a fashe take fita, busasshiya, ba a sarrafa ba. Da cutar citta ta cinye gonaki a 2023, manomin ne ya ɗauki asarar shi kaɗai, don ba shi da wani hannu a ribar da ke gaba. Mu ke da rana da gumi, wasu ke da injin da takardar da ake liƙa wa kwalba, kuma ribar a wurin injin take kwana.

Ga kuma misalin da ke cikin kowace tukunya. Farin magin da ake sayarwa a ƙulle a kowace kasuwa, wani malamin jami'a a Tokyo mai suna Kikunae Ikeda ya gano sinadarinsa a 1908. Ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa romon ganyen teku da ake yi a gidajen Japan yake da daɗi, ya bi diddigi har ya ware abin da ke ba da ɗanɗanon, shekara ta zagayo aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Wannan sinadari yana cikin daddawar da kakanninmu suke yi daga kalwa tun kafin a haifi kakan Ikeda. Su ma sun gano shi da hannu da hanci, suka dafa kalwa, suka surfe, suka rufe ta kwanaki har ta nuna. Amma yau akwai gidajen da ake ganin daddawa alamar ƙauyanci ce, ana ɓoye ta idan baƙi za su zo. Ga bishiyoyin ɗorawa ana sarewa ana ƙona gawayi, kuma ba a dasa wasu.

Kada wani ya ce abincinmu ba ya iya tafiya. Ya riga ya tafi da ƙafarsa ba tare da taimakon kowa ba. Tsire ya bi fatake da mahauta har Legas da Kamaru da Gana, yau ana gasa shi a Landan da biranen Amurka. A Accra da Kumasi, kokon da mutane ke layi a kai da safe da sunan Hausawa ake kiransa, kuma shinkafa da waken da ya zama abin alfaharin Gana daga zangon Hausawa ya fito. Kilishi yana shiga jakar matafiya zuwa ko'ina. Duk wannan aikin talakawa ne masu tire da tukuba. Abin da ya rage shi ne masu ilimi da masu jari su daina kallon sana'ar daga nesa.

Keffi tana da duk abin da ake buƙata. Akwai jami'a mai sassan kimiyya da noma da kasuwanci, inda ɗalibi zai iya ɗaukar daddawa ko fura ko kunun aya ya yi bincike a kan yadda za su daɗe ba su lalace ba. Akwai babbar hanya da dubban motoci ke bi kullum, ga kasuwar Abuja a bakin ƙofa. Akwai baƙi 'yan Asiya da aikin hanya da haƙar ma'adinai suka kawo jihar, waɗanda su ma suna da ciki kuma suna iya koyon cin masa da miyar taushe idan aka kawo musu a wuri mai tsabta. Mai sayar da masa ko ɗanwake ko dambu ba ta buƙatar canza girkinta zuwa na wasu. Abin da za ta ɗauka daga gare su kaɗan ne: ma'auni ɗaya kullum don ɗanɗanon yau ya zama irin na gobe, ruwan wanke hannu, murfi a kan abinci, farashi a bayyane, da fara'a ga mai saye. Matashin da ya tara jari yana tunanin buɗe wurin shawarma na goma a layi ɗaya, ya tsaya ya duba ko akwai wurin da mutum zai zauna da iyalinsa cikin mutunci ya ci tuwon shinkafa da miyar riɗi.

Mu ci na baƙi da godiya, domin arzikin Allah ne, kuma sanin abincin mutane hanya ce ta sanin mutanen. Amma mu ɗauki darasin tare da lomar. Iyaye mata su koya wa 'ya'yansu, maza da mata, girkin gida da sunayen kayan miyarsa. Masu hali su sa kuɗi a injin matsar riɗi da niƙa citta a nan inda ake noma su. Hukumomi su kare ɗorawa da kaɗanya daga masu gawayi. Kowa ya daina jin kunyar abin da ya girma a kansa, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa albarka a gonakinmu da tukwanenmu, Ya ba mu basirar ganin darajar abin da ke hannunmu.