Tsinkakkiyar Sarƙar Keke da Amanar Mai Gyara

 

Ya ƴan'uwa, mas'alar da za mu duba a wannan fitowa ƙarama ce a ido, amma tana da nauyi a kan mizani. Mutum ya turo kekensa da tsinkakkiyar sarƙa, ya ce wa mai gyara: "Haɗa mini." Mai gyara ya ga sarƙar ta riga ta mutu, amma ya haɗa, ya karɓi ladarsa, ya yi shiru. Shin ya sauke nauyin da ke kansa, tunda abin da aka sa shi ne ya yi?

Kafin hukunci, sai mu san abin da ake magana a kai. Sarƙar keke gaɓoɓi ce da aka ɗaure da ƙananan ƙusoshi, tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12,7. Idan yashi da ƙurar hunturu suka gauraya da mai, sai su riƙa cin ƙusoshin a hankali har sarƙar ta ƙara tsawo. Doguwar sarƙa kuwa tana cinye haƙoran da take hawa. Saboda haka tsinkewa iri biyu ce. Akwai wadda gaɓa guda ce ta karye, a cire ta a haɗa, a ci gaba da tafiya. Akwai kuma wadda tsufa ne ya kawo ta: a haɗa nan, gobe ta tsinke can, kuma ko an sa sabuwa za ta riƙa tsalle idan haƙoran baya sun cinye. Mai gyara yana rarrabe waɗannan da hannunsa. Mai keke, galibi, bai sani ba.

To a nan amanar take. Wanda ya miƙa maka kekensa ya miƙa maka rashin saninsa tare da shi. Ladar da ya biya ta haɗa da aikin hannunka da abin da idonka ya gani. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu na Birni da Zango, cewa ɓoye aibi a ciniki bai halatta ba, kuma masu sana'a suna lamunin kayan da aka bar musu. Imam Muslim ya ruwaito labarin mai sayar da abinci da ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa, busasshen a sama. Ba a ce mutumin ya furta ƙarya ba, amma aka kira aikinsa algus.

Wani zai ce: talaka ba shi da kuɗin sabuwa, me amfanin gaya masa? Lalle mun san tsadar kayan waje. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ba su manta ba. Amma talauci ba ya hana mutum haƙƙin sanin halin kayansa. Manomin da zai koma Mirriya, tafiyar kimanin kilomita 18, da buhu a bayan keke, idan ya ji gaskiya zai rage kaya, ko ya tashi da sauran rana. Zaɓi nasa ne, shirun mai gyara kuwa ya ƙwace masa shi.

Haka nan wanda ya ce sai an sayi sabuwa alhali gaɓa guda ce ta lalace, ko ya wanke tsohuwa da kananzir ya sayar da sunan sabuwa, shi ma ya ci amana.

Mai keke kuma yana da nasa nauyin. Idan an gaya masa gaskiya ya zaɓi faci, kada ya dawo kasuwar Dole yana ɓata sunan bawan Allah. Ya biya lada a kan lokaci, kada ya sa mai faɗin gaskiya ya yi nadamar faɗinta.

Allah Ya sa mu ci halal, Ya tsare mu daga cin amana. Amin.