Haƙƙi ne ko kyauta?

A hutun da ya wuce na je gida Gidan Amumune, na iske ana bikin miƙa sababbin tabura ga lakwal ɗinmu. Wani kamfani ne ya bayar. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake shi bai ɓoye ba, don ya buga shi da jan fenti a bayan kowane tabur. An yi jawabai, yara sun tafa. Na yi ta ƙirga kalmar "godiya" a bakin manya har na gaji (ku yi haƙuri, cutar ɗaliban harshe ce). Kalmar "haƙƙi" kuwa ko sau ɗaya ban ji ta ba.

Ku duba aikatau ɗin da ke rakiyar kalmomin nan biyu. Haƙƙi ana bin sa, ana neman sa, in ta kama a ƙwato shi. Kyauta kuwa jiran ta ake, a samu, a gode. Mai haƙƙi yana iya cewa "bai cika ba". Wanda aka yi wa kyauta in ya faɗi haka, butulu ne sunansa. To tabur a lakwal ɗin gwamnati, a wane layi yake? Iyayenmu na biyan lanho, ƴan kasuwa na biyan haraji, don a samu irin waɗannan abubuwa. Ranar da tabur ya zo da sunan kamfani a bayansa, ya tashi daga layin haƙƙi ya koma na kyauta, bakinmu kuma ya bi shi.

Abin ba sabo ba ne a ƙasar Tasawa da Mayahi. Zamanin Turawa hukuma ta ce lanho da kuɗi za a biya, kuɗin kuwa sai an noma gujiya an kai wa kantunan CFAO da SCOA. Mai mulki na karɓa, mai sikeli na yanka farashi, manomi na tsakiya.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Areva, wanda yanzu ake kira Orano. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ɗaga kason da ake biyan ƙasa daga kashi 5.5 cikin ɗari zuwa abin da zai iya kai 12. Kamfanin ya ci gaba da haƙar uraniyum a Arlit bisa tsohuwar yarjejeniya. Da wa'adinta ya cika a ƙarshen 2013, sai da aka yi watanni ana ja-in-ja, ƙungiyoyi irin su ROTAB suna fita titi a Yamai, kafin a sa hannu a watan Mayu 2014. Ku ji fa: ƙasa ce ke ciniki da kamfani a kan ko zai bi dokarta! A cikin yarjejeniyar kuma aka sa alkawarin Yuro miliyan 90 don hanyar Tawa zuwa Arlit, hanyar da manyan motocin uraniyum ɗin ke bi. Wannan taimako ne, ko biyan bashi? Sunan da ka zaɓa shi zai nuna wa ke bin wani.

Da na kawo wannan magana a gida, Baba bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Kai da ke zaune kan kujera a jami'a, ƙannenka shekara nawa suna karatu a kan tabarma?" Ban da amsa. Gaskiyarsa ce, yaron da ke rubutu a kan gwiwarsa ba ruwansa da wanda ya sayi katako. Ni ma ba na cewa a mayar da taburan. Damuwata tana wurin mai hukuncin da ya tsaya ya yi godiyar nan a gaban jama'a. In gobe kamfanin ya zo neman fili, ko sassaucin haraji, da wane baki zai ce a'a? In baki ya ci, ido ya ji kunya, kuma idon da ke jin kunyar nan shi muka ɗora ya tsare mana dukiyarmu. Ba a ba shi ko dala ba, balle a kira shi cin hanci. Shi ya sa na kasa samo wa abin suna, ni da nake taƙama da sanin kalmomi.

Kafin in koma Yamai na tambayi ƙanwata, ƴar ajin farko, me ta iya karantawa. Ta ɗauki tsinke ta rubuta mini a ƙasa, harafi bayan harafi, babu kuskure ko ɗaya. Sunan da ke bayan tabur ɗin gabanta ne.